Yadda Wutar Sola Ta Tona Mini Asiri

Ni dai tun ina ƙarami ake ce mini ina da kai, ni kuma na yarda da maganar fiye da masu faɗinta. Na karanta kwamfuta, na samu aiki a wani ofis inda ba a neman komai a wurina sai gyaran firinta, amma daga gidanmu na Badarawa har gidan surukaina na Unguwar Sarki ba a kirana da komai sai Injiniya. Ban taɓa hana kowa ba.

Surukina, wanda nake kira Baba kamar yadda matata ke kiransa, da ya yi ritaya sai ya ƙi zaman gida. Ya samu fili a Rigachikun, ya gina ɗaki biyu, ya sa wani mai walda ya haɗa masa injin ƙyanƙyasar ƙwai guda biyu, kowanne ya kai babban firij. Ƙyanƙyasa kuwa gaba ɗayanta maganar zafi ce. Ƙwai yana son ɗumi daidai da na cikin kaza. In ya yi ƙasa ɗan tsako ya mutu da sanyi, in ya yi sama ya dahu a cikin ɓawonsa. Injinan Baba kuma suna da wani mugun hali: abin da ke kashe hita idan zafi ya kai, wani lokaci sai ya maƙale, hitar ta yi ta ci ba mai tsawata mata. Shi ya sa Baba yake yawan buɗe ƙofar injin ya sa bayan hannunsa ya ji.

Ni ba na iya doguwar magana da Baba. In na je gaishe shi, takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a kan tabarma, "lafiya lau" da "madalla" su ne duk hirarmu. Don haka cika bakin da na yi ta hannun matata ya bi. Na ce ta gaya wa Mama, Mama ta gaya wa Baba, cewa zamanin sa hannu a cikin inji ya wuce, tunda akwai ni a dangi.

Na sayo ma'aunin zafi na sa a kowane inji, na ja waya zuwa wata tsohuwar kwamfutar tebur, na zauna na rubuta manhaja da hannuna. Aikinta shi ne ta karanta zafin injinan ta zana shi a allo, jan layi na inji na farko, shuɗi na na biyu, bayan 'yan daƙiƙu ta sake zanawa da sabon karatu. In zafi ya wuce iyaka ta buga ƙararrawa ta wata lasifika irin ta masu tallan magani, wadda ko kana bakin titi za ka ji. Na kuma saita kwamfutar yadda in an ɗauke wuta ta mutu, da an dawo da ita ko an ta da janareta za ta tashi da kanta ta ci gaba da zane.

Abu ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Fiye da shekara manhajar nan ba ta taɓa yin ko tari ba. Sau da yawa ƙararrawar ta ceci ƙwai. Baba ya daina sa hannu a inji, in baƙi suka zo sai ya kai su gaban allo ya ce aikin mijin 'yarsa ne. Ni kuma kaina ya ƙara girma, har na fara yi wa abokan aikina bayanin yadda ake rubuta manhajar da ba ta da aibu, ba tare da sun tambaye ni ba.

Ana nan, ɗauke wuta da wahalar mai suka ishi Baba, ya ce sola zai sa. Wani mutumin kudancin Kaduna ne ya yi aikin, gajere mai fara'a, dattijo ne a cocinsu, duk yankin an san shi da aiki mai kyau. Ya jera faranti a kan kwano, ya jera batura, ya haɗa injinan da kwamfutar duka a kai. Har walima aka yi, ni ma na ci shinkafa na yi jawabi a kan ci gaban zamani.

Wannan kuwa farkon damina ne, lokacin ƙwan zabi. Zabuwa sai da damina take ƙwai, kuma ba ta iya kwanci ba, shi ya sa matan Rigachikun da ƙauyukan kewaye suke kawo wa Baba nasu a ƙwarya, ya sa wa kowanne alama da gawayi, in an ƙyanƙyashe a raba 'yan tsakin. A wannan shekarar, da labarin sola ya bazu, ƙwai ya zo kamar me. Injinan nan biyu suka cika maƙil da amanar mutane. Sati huɗu ƙwan zabi ke yi, in kuma ya lalace sai wata daminar.

Kwanaki kaɗan da sa ƙwan, Baba ya dawo daga sallar azahar ya duba allo. Jan layi da shuɗi suna nan a miƙe, lafiya lau. Amma ya ji ɗakin ya yi masa wani iri. Ya buɗe inji na farko ya sa hannu, ya janye da sauri. Hita ta maƙale, zafi ya yi sama, lasifika kuwa ko uffan. Ya kashe hitar, sannan ya koma ya ƙura wa allo ido, sai ya ga agogon da ke ƙasan zanen yana nuna hantsi. Kwamfutar ta ƙame tun safe da kyakkyawan zanenta a fuska, ba wanda ya san tsawon lokacin da ƙwan ya sha zafi.

Baba bai kira ni ba. Ya gaya wa Mama, Mama ta gaya wa matata, matata ta jira sai da na kai loma baki sannan ta gaya mini.

"Injiniya," in ji ta, kuma yadda ta ja kalmar na san ba yabo ba ne, "Baba ya kwashi tabarmarsa ya koma gona. Ya ce ba zai sake kwana a gida ba sai ƙwan mutane ya fashe. Mutum da hawan jini! Ka san yadda za ka yi."

Washegari na hau mota zuwa Rigachikun. Na gaishe da Baba, na kashe kwamfutar na kunna, ta tashi garau tana zane kamar ba ita ba. Na daddanna nan, na daddanna can, don dai a ga ina aiki, sannan na durƙusa na ce, "Baba, cuta ce ta shige ta, irin wadda ke bin filas, ɗan abin nan na kwasar bayanai. Na wanke ta." Ban ga wata cuta ba. Baba ya ce, "Madalla." Bai naɗe tabarmarsa ba.

Bayan kwana kaɗan ta sake ƙamewa. Wannan karon na ce zafin ɗakin ne, na sayo fanka na kafa mata a ƙeya. Ta sha iska ta ƙoshi, ta sake ƙamewa. Na canza mata waya, na hure mata ƙura, na yi mata duk abin da ake yi wa kwamfuta in ba a san ciwonta ba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban buɗe manhajata na duba ba. Don me zan duba? Abin da ya yi shekara yana aiki?

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na zauna na yi lissafina na masu ilimi: yaushe matsala ta fara? Da aka sa sola. To me ake jira? Na aika ta hannun matata cewa wutar solar ce ba ta da tsafta, ita ke rikita kwamfuta. Baba ya sa aka kira mai sola.

Mutumin ya zo da na'urarsa ya auna nan ya auna can, ni ina tsaye a kansa na harɗe hannu ina ambaton manyan kalmomi. Fara'arsa ta ƙare. Ya miƙe ya ce, "Oga Injiniya, ka yi haƙuri, ni ban san kwamfuta ba. Amma Allah ya sani, tun ran da na haɗa wutar nan ba ta ɗauke ba ko na ƙiftawar ido. Ka tambayi Baba." Na ce ai ba maganar ɗaukewa ake ba, maganar inganci ake. Na ɗaga murya har Baba ya yi gyaran murya daga kan tabarma, na yi shiru. Mai sola ya tattara kayansa ya tafi ransa a ɓace, ni ma na tafi ina huci kamar ni aka zalunta.

Na ƙudura sai na wanke manhajata a idon duniya. Na kunna ta a kan kwamfutata ta cinya a gida, na haɗa mata karatun zafi na ƙarya, na ce zan bar ta ta yi ta zane har sati, kowa ya ga ba ta ƙamewa. Batirin kwamfutar tawa ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Kafin la'asar aka ɗauke wuta, ta mutu. Aka dawo da ita, na sake kunnawa. Kafin magariba aka sake ɗaukewa. Washegari Asabar, ina zaune a gabanta da kofin shayi, fanka ta yi tsit, allo ya yi baƙi. Na buga tebur na ce, "Haba! Wannan wace irin rayuwa ce? Ko yini ɗaya ba za a bar abu ya yi yana aiki ba?"

Sai na ji abin da bakina ya faɗa. Na ajiye kofin a hankali.

Ko yini ɗaya. Manhajar nan tawa da nake taƙama da ita, tun da aka haife ta ba ta taɓa yin cikakken yini a kunne ba. Kullum sai an ɗauke wuta an kashe ta, ta tashi sabuwa fil. Sai da mai sola ya kawo wutar da ba ta ɗaukewa sannan aka bar ta ta yi doguwar tafiya, ta nuna halinta. Mutumin ya faɗa mini da bakinsa, ni kuma ina ta faman yi masa turanci.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Kwamfuta tana da wurin ajiya na wucin gadi, mu kan ce memori. Duk abin da manhaja ke aiki da shi a nan take ɗora shi, in ta gama ta sauke. In an kashe kwamfutar, wurin ya share tas. To akwai manhajar da ke ɗauka ba ta saukewa, kamar mai shayin da ke ɗaukar sabon kofi ga kowane mai saye ba ya wanke na baya. Da safe ba ka ganin komai, amma in aka daɗe sai tebur ya cika ya rasa inda zai ajiye ko cokali. Wannan ciwon shi muke kira yoyo. An koya mana shi a makaranta, har na ci jarabawa a kansa. Ashe masu ɗauke wuta ne suke wanke mini kofuna shekara guda, ina zaginsu.

Zargi dai ba hujja ba ne, sai na gani da ido. Kuma ba ni da wutar da zan jira kwanaki. Da aka dawo da wuta na buɗe manhajar na cire mata jinkiri, maimakon ta zana ta huta, na sa ta ta yi ta zanawa ba numfashi, yadda aikin kwanaki zai taru a cikin mintuna. Na buɗe tagar da ke nuna yawan memorin da kowace manhaja ta ci, na zuba ido. Lambar ta fara hawa. Ta hau, ta hau, ba ta sauka ko sau ɗaya. Kafin shayina ya huce maus ya fara jan ƙafa, can sai komai ya ƙame, da kyakkyawan zane a allo. Na ji kunya ni kaɗai a ɗaki, har na waiga ko akwai mai kallona.

Na shiga cikin rubutun ina bi layi-layi, ban sha wahala ba na same shi. Duk lokacin da za a sake zane, na rubuta a ɗauko sabon allon zane a ɗora a kan tsohon. Tsohon kuwa ban ce a jefar ba. Kayan zanen da wasu suka rubuta, ni kuma na yi amfani da su, suna riƙe da kowane allo har sai an ce musu an gama da shi, kuma an rubuta haka ɓaro-ɓaro a bayaninsu, wanda ban karanta ba don ina ganin na wuce nan. Dubban alluna ne jibge a bayan wanda ake gani. Na ƙara layi ɗaya mai rufe tsohon allo. Na kunna na ɗan lokaci, na ga lambar ba ta gudu kamar da, na rufe kwamfuta na fito tsakar gida ina miƙa.

"Ki gaya wa Mama an gama," na ce wa matata.

"An gama kamar na cuta, ko an gama kamar na fanka?"

Na je Rigachikun na sa gyaran, na dawo ina jin kaina. Allah ya so ni, kafin in taho na rubuta lambar memorin a 'yar takarda. Da na koma bayan kwana biyu na duba, ta ƙaru. Ba da gudu ba, amma ta ƙaru. An gudu ba a tsira ba, yoyon biyu ne, babban ne ya ɓoye ƙaramin. Murna ta koma ciki.

A ranar ne kuma Baba ya yi mini magana mafi tsawo tun da na auri 'yarsa. Ya rame, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Bai dube ni ba, injin yake kallo. Ya ce, "Malam, ƙwan nan ya kusa. In ya rage kwana uku ba a buɗe inji. In aka buɗe, laimar ciki ta fita, ɓawo ya bushe, ɗan tsako ya kasa fasawa. Daga ranar hannuna ba shi da amfani. Sai abin naka."

Na ce, "To, Baba."

Na ɗauki hutu a ofis, na ari janaretan maƙwabcina, na zauna. Wannan yoyon bai zo da sauƙi ba. Na karanta rubutun har na haddace shi, ban ga komai ba. Na zargi kayan zanen, na zargi waɗanda suka rubuta su, na shiga intanet na tarar da mutane daga ƙasashe daban-daban suna kuka irin nawa, kowa da maganin da ya ce ya yi masa aiki. Na gwada su duka kamar mai neman maganin basir. Lambar dai tana hawa.

Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sa manhajar ta ƙirga mini irin abubuwan da ke zaune a memori, in bar ta ta yi zane da yawa, ta sake ƙirgawa, in ga wane iri ne ke ƙaruwa. Sai ga shi, tsofaffin layuka ne, ja da shuɗi, sun ƙi tafiya. An rufe allonsu amma wani abu yana riƙe da su. Na fara cire sassan manhajar ɗaya bayan ɗaya, in cire in gwada, in mayar in cire wani. Na cire ƙararrawa, yana nan. Na cire agogo, yana nan. Na cire wani ɗan ado da na manta ma da shi, sai lambar ta tsaya cak.

Adon nan, kaico. Tun farko na yi shi ne don burga: in ka ɗora maus a kan layi, sai wani ɗan akwati ya fito ya nuna maka zafin wannan lokacin. Don ya yi aiki, kowane zane sai na naɗa masa mai gadi da zai riƙa sauraron motsin maus. Zane ya wuce, mai gadin yana nan bai san an sallame shi ba, yana riƙe da tsohon layinsa gam. Kowane sabon zane da sabon mai gadi. Kuma abin takaicin, Baba bai taɓa taɓa maus ɗin nan ba. A cikin leda yake ajiye shi kada ya yi ƙura.

Na goge adon gaba ɗaya. Na sake gina wurin zanen yadda za a yi allo ɗaya da layi biyu tun tashin farko, daga nan lambobin layin kawai ake canzawa. Na rage tsohon karatun da manhajar take tarawa. Na sa ta gudu ba numfashi daga safe har man janareta ya ƙare, lambar tana ɗan hawa tana sauka a wuri ɗaya kamar ƙirjin mai barci. Wannan karon ban aika wa kowa saƙo ba.

Ranar da za a rufe injinan na isa da sassafe na sa gyaran. Sannan na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Baba, ba cuta ba ce, ba zafi ba ne, ba sola ba ce. Aikina ne ke da matsala tun farko. Mutumin nan ba shi da laifi."

Baba ya ce, "Shi za ka gaya wa." Na kira mai sola a gabansa na ba shi haƙuri. Mutumin ya yi dariya har da tari, ya ce ba komai Oga, Allah ya ba da sa'a. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Yanzu ka gyara?" in ji Baba.

"Na gyara, Baba."

Ya tashi ya naɗe tabarmarsa, ya miƙo mini makullan gonar. "To ni zan je gida in kwanta." Ya sa hularsa ya nufi titi. Na so ya tsaya ya yi mini gardama, bai tsaya ba.

Haka na tare a Rigachikun, ni da injina biyu da allo. Ido ɗaya a kan layuka, ɗaya a kan lambar memori. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ko akuya ta yi kuka a waje sai in zabura in dubi allo. Lambar ba ta motsa ba. A rana ta biyu na fara jin ƙananan kuka daga cikin injinan, na leƙa ta gilashi na ga ɓawo ya fara tsagewa. Na fara tsara yadda zan ba da labarin nan a ofis.

Ana gab da la'asar lasifikar ta kwarma ihu. Jan layi ya miƙe sama. Manhajata ta yi aikinta daidai, a kan lokaci, ba ƙamewa. Na yi tsalle na isa gaban inji na farko, sai na tsaya. Makunnai ne jere a gefensa, mai walda bai rubuta komai a kansu ba. Ɗaya na hita, ɗaya na fankar ciki, ɗaya na juya ƙwai, sauran Allah masani. Shekara guda ina buga wa mutane ƙararrawa, ban taɓa tambayar me ake yi in ta buga ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga ni da gora a hannu.

Na danna lambar Baba. Ko sallama ban yi ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na daka masa tsawa: "Baba wanne zan kashe? Wanne? Yi magana mana!"

"Na biyu daga ƙasa," in ji shi, muryarsa ƙalau. "Kada ka buɗe ƙofa."

Na kashe. Na tsaya ina kallon jan layin yana lanƙwasowa a hankali har ya dawo mazauninsa, lasifika ta yi shiru. Sai a lokacin na lura wayar tana kunnena, Baba yana kan layi. Na durƙusa a ƙasan siminti, ni kaɗai a ɗaki, na ce, "Ina wuni, Baba."

Ƙwai ya fashe. Da Baba ya dawo muka buɗe injinan, 'yan zabi suka cika tire-tire, masu zane a ka, suna ta tsalle a kan juna. Mata suka zo da kwanduna, tsakar gonar ta cika da guɗa da godiya. Ni ma na saki jiki ina karɓar sannu da aiki.

Tire ɗaya ne bai motsa ba. Na can sama a inji na farko, wanda ya fi kusa da hita. Ƙwan yana nan jere yadda aka sa shi, da alamar gawayi iri ɗaya a kan kowanne. Ranar farko da kwamfuta ta ƙame, shi ya sha zafin. Baba ya sauko da tiren ya miƙo mini, ya nuna wata tsohuwa da ke zaune a gindin mangwaro da kwandonta, tana jiran a kira ta.

"Nata ne. Kai za ka kai mata."

Na kai. Na durƙusa na fara bayani, na ji ina shirin cewa memori, na haɗiye. Na ce, "Iya, na'urar da ke gadin ƙwan ni na yi ta, ita ce ta yi barci. Naki ya lalace."

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kai kunne ta girgiza, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Sai da ta bi su duka, ina durƙushe. Sannan ta ce, "Allah bai yi ba, ɗana. Kai ne mai na'urar? Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba ya ƙaraso wurinmu. Ya ɗauki kwandonta ya shiga ɗaki, ya ɗebo daga nasa kason ya zuba mata, ya rufe da tsumma. Ta yi ta cewa a'a Alhaji, ya yi kamar bai ji ba. Na karɓi kwandon na ce zan raka ta bakin titi. Muna tafe, 'yan tsakin suna motsi a ciki, ɗuminsu yana ratsa tafin hannuna. Ta dubi yadda na rungume shi, ta tsaya ta gyara mini hannu.

"Riƙe da kyau, ɗana," in ji ta. "Masu rai ne."